Waɗanda ba a kora ba, wa ya yi musu magana?

Iyayenmu, malamai, daraktocin lakwal, shugabannin ƙungiyoyi na Dogon Dutsi da Tibiri, sannunku da zuwa.

Kun tuna watan Yuli na 2017, lokacin da ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta yi wa malamai 'yan kwantiragi jarrabawa a faɗin Nijar. Ƙungiyoyin malamai suka ce a ƙaurace. Daga baya aka soke kwantiragin dubbai, wasu don makinsu ya yi ƙasa ƙwarai, wasu don ba su zauna jarrabawar ba. An yi ta muhawara kan waɗanda aka sallama, kuma ya dace a yi. Amma yau maganata kan waɗanda suka rage ce.

Ku dubi mushen da ya koma aji a Matankari ko Gesheme watan Oktoba. Abokin aikinsa ya tafi, an haɗa masa aji biyu, kuma bai san ko saura shi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa kake. To, ruwan da ma'aikaci ke shafawa mi ne ne? Ya rage ƙwazo, ya daina faɗin matsala don kada a ce ya gaza, ya fara neman wata hanyar abinci. Jikinsa na aji, hankalinsa na kasuwa. Yara su ke biyan wanga bashi.

Kuma abin bai tsaya ga lakwal ba. Tun da Amurka ta yanke tallafin USAID a 2025, ƙungiyoyin agaji da yawa sun rage ma'aikata. Saboda haka duk mai riƙe da mutane, ga abin da muke roƙonka.

Ka tara su ka yi magana da bakinka, tun kafin labari ya zo musu ta WhatsApp. Takardar da aka manna a bango ba ta amsa tambaya. Ka faɗi dalilin ragin da ma'aunin da aka bi. In ma'auni ya ɓoye, kowa zai ce siyasa ce ko sanayya, kuma ba ka da bakin musu.

Kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. Darakta ko sufeto ba shi ke yanke hukunci a Yamai ba, kuma malamai sun san haka. "Ba za a ƙara korar kowa ba" magana ce mai daɗi, amma ranar da ta karye, amana ta tafi ke nan. Gara ka ce: ga abin da na sani, ga wanda ban sani ba, ranar kaza zan dawo muku da amsa. Sannan ka dawo ranar, ko da amsar ba ta da daɗi.

Ka kiyaye harshenka kan waɗanda suka tafi. In ka kira su ragwaye, na gabanka sun ji yadda za a kira su gobe. Nan Arewa ma, wanda aka sallama ƙanen wani ne, surukin wani ne, a masallaci ɗaya kuke sallah.

Sai rabon aiki. Mutum uku ba su ɗaukar kayan mutum biyar. Ku zauna tare ku fitar da abin da za a ajiye. A lakwal, a kira kwamitin iyayen yara a gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, don kada laifin cunkoso ya faɗa kan malami shi kaɗai. Taron CAPED kuma ya zama wurin da malami zai ce "ban gane wanga darasi ba" ba tare da tsoron a rubuta sunansa ba.

Ga hukuma kuma, magana ɗaya: kuɗin wata na ɗan kwantiragi ya fito kan lokaci. Mutumin da ke bin bashin wata biyu ba ya jin jawabi, komai kyansa.

Iyaye, ku ma in kun koma gida, ku leƙa lakwal ɗin garinku ku gaida malamin da ya rage, ku tambaye shi yara nawa ke ajinsa bana.

Allah shi ba mu shugabanni masu gaskiya.