Duka, Saki Da Riƙon 'Ya'ya: Matsayin Ɗan Arewa A Gaban Dokar Kudu

Wannan shi ne jawabin da mataimakin editan wannan shafi ya gabatar a wani taron 'yan Arewa mazauna Agege, a Ikko.



An umarce ni in yi bayani a kan abubuwa uku da suka fi kai gidajenmu gaban hukuma a nan Kudu, watau dukan mata, da rabuwar aure, da kuma rigimar wanda zai riƙe 'ya'ya. Tushen maganata guda ɗaya ne. Duk wanda ya baro Kano ko Sakkwato ya zo neman abinci, ya taho da addininsa da al'adarsa, amma dokar jiharsa ba ta shiga mota ta biyo shi ba. Ran da magana ta ɓaci, dokar jihar da yake zaune ita ce za ta hau kansa.

Tun 1916 da aka kafa unguwar Sabo a Badun, mutanenmu sun saba kashe wutarsu a zauren Sarkin Hausawa ko a gaban liman. Wannan hanya tana da albarka, ta ceci aure da yawa, kuma ina roƙo a riƙe ta. Sai dai ya kamata mu san iyakarta. Sarki ba shi da sammaci, ba shi da kurkuku, ƙarfinsa shi ne girman da muke ba shi. Da zarar ɗaya daga cikin ma'aurata ya taka zuwa caji ofis ko kotu, to magana ta fita daga zaure.

DUKA

Sau da yawa akan ji namiji yana cewa ai doka ta ba shi ikon horon matarsa. Abin da ya jiyo shi ne sashe na 55 na dokar Final Kod, wadda aka yi wa Jihar Arewa, ta fara aiki a 1960. Ko a can ma sashen bai yarda da duka mai jawo mummunan rauni ba. A nan Kudu kuwa ba ta taɓa aiki ba ko da rana ɗaya. Dokar Kiriminal Kod ce ake bi, Jihar Legas kuma ta yi tata dokar laifuffuka a 2011. A ƙarƙashinsu, mari ko naushi laifi ne, ko a tasha aka yi ko a kan gadon aure.

Bugu da ƙari, a 2007 Jihar Legas ta kafa dokar kare mutane daga cin zarafi a cikin gida. Ba ta tambayar irin auren da aka ɗaura, na masallaci ne, ko na coci, ko na gargajiya. Ba ta tsaya a kan duka kaɗai ba, ta haɗa da tsoratarwa, da hana abinci da gangan, da ɓarnata kayan mace. Wadda aka cuta tana iya zuwa kotun majistare ta nemi odar kariya, alƙali ya hana mijin taɓa ta ko yi mata barazana, in ya karya odar a kama shi. Namijin da matarsa ke cuta shi ma dokar ta rufe shi. Jihar Ekiti ta yi irin wannan doka a 2011. A 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta yanke wa mai dukan abokin aurensa ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar Naira 200,000, ko duka biyu. Abuja aka yi wa ita, amma mafi yawan jihohi, na Kudu da na Arewa, sun yi tasu a kan sawunta.

Kada wani ya ce wannan dokar Nasara ce. Malamanmu ga su zaune, su ne shaida. A mazhabar Malikiyya da muke bi, macen da ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta yana cutar da ita, tana da ikon neman a raba auren ko mijin bai so ba, kuma ba za ta mayar da sadaki ba. Har ma in ta riga ta biya kul'i don ta tsira da ranta, daga baya cutarwar ta tabbata, to a mayar mata da kuɗinta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba. Ashe a kan wannan batu dokar Legas da littattafanmu hanya ɗaya suka bi.

Iyayenmu mata, ga abin da ya shafe ku. A gida in yarinya ta ji wuya takan yi yaji, ta tafi gidansu, a zo biko, iyaye su ja wa miji kunne. A nan gidan iyayenta yana nesa da fiye da mil 600, ba ta da kuɗin mota, wataƙila ba ta jin Yarabanci ko Turanci. Ku ne iyayenta. In kun ga rauni a jikinta ku kai ta asibiti tun a ranar, a rubuta, a adana takardar likita, domin ita ce shaidar da kotu za ta fara nema. A Legas akwai hukumar gwamnati mai kula da cin zarafi a gidaje, wadda ta fara aiki a 2014, aka mai da ita cikakkiyar hukuma a 2021. Akwai Ofishin Lauyan Talakawa na jihar, da Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya wadda aka kafa a 1976, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Dukansu suna sauraron wanda ba shi da halin ɗaukar lauya. Haƙuri ado ne ga mace, amma haƙurin da zai kai ta kushewa ba wanda ya yi umarni da shi.

SAKI

Kafin a yi maganar saki sai a fara sanin irin igiyar da aka ɗaura, domin ƙofar da aka shiga ta nan ake fita.

Akwai auren rajista. 'Yan'uwanmu Kirista da yawa shi suke yi, har da wasu Musulmi ma'aikata da ke yinsa don neman biza ko wata takardar aiki, ba tare da sun san nauyinsa ba. Wannan aure na mace ɗaya ne, ƙara wata a kansa laifi ne. Kalmar baki ba ta warware shi, takardar da miji ya rubuta ba ta warware shi, Babbar Kotun jiha kaɗai ke da wannan iko. Dokar shari'ar aure ta 1970 ta ce sai an gamsar da alƙali cewa auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, misali ɗaya ya gudu ya bar ɗaya har shekara guda, ko sun rabu da zama shekara 2 kuma wanda aka yi ƙara bai ƙi ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi, ko kuwa halin ɗaya ya kai yadda ba za a iya zama da shi ba. Kuma ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai kaɗan.

Mafi yawanmu kuwa auren Musulunci muka yi. A nan ne matsalar zaman Kudu take. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 275, ya ba duk jihar da take so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, amma babu jihar Kudu da ta kafa. Saboda haka ƙararrakin auren Musulmi sukan faɗa kotunan gargajiya, irin ta Mapo a Badun ko ta nan Agege, alhali kuwa Kotun Ƙoli ta faɗa a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, cewa shari'ar Musulunci dabam take da dokar gargajiya. Ba lalle ne masu zama a waɗannan kotuna sun karanta Risala ko Tuhfa ba. Tun 2002 Musulmin Legas da na Badun suka kafa zaurukan shari'a masu zaman kansu, inda masana ke sauraron ma'aurata. Suna da amfani ƙwarai, amma sai wanda ya yarda ya je, ba su da 'yan sandan tilasta hukunci.

Tun da haka ne, tilas mu tsare ƙa'idar addini da kanmu. Alkur'ani, a sura ta 4 aya ta 35, ya yi umarni da a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, kafin magana ta kai ga rabuwa. In babu dangi a kusa, ga sarki ga liman. In rabuwar ta zama dole, saki ɗaya ya isa, a lokacin tsarki, a rubuce, da kwanan wata, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Macen da ba ta da takarda takan sha wuya in ta koma gida za ta yi wani aure, ko kuwa tsohon mijin ya bayyana ya ce shi bai sake ta ba.

Sa'an nan idda. Tsarki uku ne, mai ciki kuwa sai ta haihu. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin kwana duk suna wuyan miji, kuma farkon sura ta 65 ya hana fitar da ita daga ɗakinta. Mutumin da ya watso kayan matarsa waje da tsakar dare a gidan haya, a garin da ba ta da kowa, ya saɓa wa Allah kafin ya saɓa wa gwamnati.

RIƘON 'YA'YA

A nan ne aka fi zubar da hawaye. Mun sha jin uba ya ɗauke yaro daga makaranta, ya damƙa shi ga direban tirela a Mil 12, washegari yaro yana hanyar Arewa, uwar ba ta sani ba. Hujjarsa ita ce ɗa na uba ne.

Gaskiya ne ɗa sunan ubansa yake amsawa, uba ne waliyyinsa, shi ne kuma ciyarwa da tufatarwa da kuɗin makaranta da na magani suke kansa, ko yaron yana hannun wa. Amma reno, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne. A Malikiyya yaro yana hannunta har ya balaga, yarinya har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yan'uwanta mata, kafin ya zo ɓangaren uba.

Akwai wata ƙa'ida a cikin Muhtasar na Shehu Halilu wadda ta shafe mu matafiya fiye da kowa. In uba zai yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi 6, watau kimanin mil 72, yana da ikon tafiya da ɗansa in hanya da wurin suna da aminci, sai fa in uwar ta yarda ta bi su. Haka nan in uwar ce za ta ƙaura irin wannan nisa ta bar garin da uban yake, renonta yana iya faɗuwa. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta cikin wannan. To ku lura: uban da ya aika da yaro wurin kakarsa a Funtuwa, shi kuwa yana nan Agege yana kasuwancinsa, ba ƙaura ya yi ba, ƙwace ya yi. Uwar da ta kwashe yara ta koma Katsina ba shawara, ita ma ta san uban yana da bakin magana.

Kotunan Kudu kuwa ma'auninsu ɗaya ne, watau abin da ya fi alheri ga yaron. Haka sashe na 71 na dokar 1970 ya ce, haka dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce, haka ta Jihar Legas ta 2007, wadda ta kafa Kotun Iyali. Alƙali zai duba shekarun yaro, da wanda ya saba da shi, da wurin kwana, da makaranta, da halin iyayen biyu, in yaron ya yi wayo a ji ta bakinsa. A 1992, a shari'ar Odogwu da Odogwu, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ƙaramin yaro ya fi dacewa da hannun uwarsa, sai in an kawo hujjar rashin cancantarta. Yawan kuɗin uba ba ya ba shi yaro, sai dai ya sa a ƙara masa kuɗin ciyarwa. Ɗauke yaro daga hannun wanda kotu ta ba riƙo laifi ne, kuma uban da ya taɓa yin haka ya ɓata shari'arsa da hannunsa.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ina roƙon iyayenmu sarakuna da limamai abu huɗu. Na ɗaya, kowane masallacinmu ya buɗe littafin aure da saki, da sunayen shaidu da adadin sadaki. Na biyu, duk sakin da ya zo gabanku kada a tashi sai an rubuta wanda zai riƙe yara, da nawa uba zai bayar a wata, da lokacin da ɗayan zai gan su, da abin da za a yi in wani zai koma gida. In an kai wannan yarjejeniya kotu ta amince da ita, ta zama hukunci. Na uku, a sa dattawan mata biyu ko uku a cikin masu sulhu, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a gaban maza ba. Na huɗu, in jini ya zuba ko ƙashi ya karye, kada a rufe da sunan rufin asiri. Shugabannin tasha su ma su gargaɗi direbobi, kada su karɓi yaro ƙarami ba tare da sanin iyayensa biyu ba.

Ku kuma iyaye, ku karɓo wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku adana katin asibiti da rasit na makaranta. Aure yana iya mutuwa, amma yaron da aka haifa yana nan, kuma za a tambaye mu amanarsa gobe kiyama.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gida da alheri.