Wayar Hannu Ta Zama 'Yar Talla

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na ƙasar Kiyawa, na cikin gari da na Andaza, Balago, Katanga, Kwanda, Shuwarin da Tsirma, da duk inda muryar nan ta kai. Uwargida, in kina kan aiki ki ɗan sassauta, ki matso da rediyon kusa, domin zancen yau naki ne.

Yau za mu tattauna ne a kan aikin hannu da muke yi a cikin ɗakunanmu, da yadda mace za ta sayar da shi ta hanyar waya da intanet, tana zaune a gidan mijinta, ko zaure ba ta leƙa ba. Aikin hannu kuwa ina nufin ɗinkin hula, saƙar faifai da tabarma, zanen ƙwarya, saƙar kwarashi, ɗinkin zanin gado da rigar matashi, da duk abin da yatsunki suke ƙagowa har wani ya gani ya ce ma sha Allah.

Mu fara da hula, tun da da wuya ki shiga unguwa a ƙasar nan ba ki tarar da mace da allura a hannu ba. Kun san yadda abin yake tafiya. Mai hula zai kawo yadi an riga an zana, ya haɗo da zare, ya yanka miki ladan ɗinki. Ke kuma ki duƙufa, bayan girki, bayan wanke-wanke, wani lokaci har da dare a gaban fitila, ido na ruwa, baya na ciwo. Mako biyu, mako uku, wata hular ma ta fi wata guda. In kin gama a karɓa a kai wa mai wanki, a sa mata sitaci, a gyara ta, sai ga ta a shago a Dutse ko a Kano. Wanda ya saya bai san sunanki ba, ke ma ba ki san nawa ya biya ba. Abin da Hausawa ke cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce na zagi dillalai da dillaliya. Suna da hakkinsu, sun zuba jari, sun yi zirga-zirga, kuma shekara da shekaru su ne ƙafafun matar kulle, su da yaran da ake ɗora wa talla. Abin dubawa shi ne, wannan hanya tana da tsada. Ribar tana tsayawa a tsakani, sannan yarinyar da ya kamata a ce tana aji tana can bakin titi da tire a ka, a kan hanya irin tamu da manyan motoci ba sa yankewa daga Kano zuwa Maiduguri. Duk uwa ta san abin da zuciyarta ke raya mata in magariba ta yi 'yar talla ba ta dawo ba.

To, zamani ya kawo wata 'yar tallar da ba ta gajiya, rana ba ta dukanta. Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. Daga baya aka samu Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, da Instagram a 2010. Yau ga shi hoton faifan da aka saƙa a Katanga yana iya isa hannun wata a Kaduna ko Abuja kafin ki sauke tukunya. Hoton ne zai fita yawo, ke kina zaune a ɗakinki da mutuncinki.

Wata za ta ce, ai ni ban yi boko ba. Wannan ba ya hana. WhatsApp yana da saƙon murya, ki danna ki yi magana da Hausarki, a ba ki amsa ki saurara. Wata kuma ta ce ba ta da babbar waya. To akwai ta maigida, ko ta ɗanki, ko ta ƙanwarki. Ko kuma ku haɗu ku biyar ko ku goma a unguwa, yadda kuke haɗa adashi, ku wakilta guda mai amana ta riƙe waya da littafin lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A birnin Zariya akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu da ake kira Queen Amina, wadda aka kafa a 1994. Ɗinki ne irin na babbar riga suke yi a gidajensu, suka mai da shi kan rigunan mata da kayan ƙawata ɗaki, kuma aikinsu ya kai har Amurka. Haɗin kai ne ya kai su.

Yanzu bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko, shawara da maigida. Kada ki fara komai a ɓoye. Ki zaunar da shi ki yi masa bayani, ku yarda a kan wa zai riƙa amsa kiran maza, wa zai kai kaya tasha. Sana'ar mace daga cikin gida ba baƙon abu ba ce. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce da take ba da dukiyarta a tafi da ita fatauci har Sham. Nana Zainab 'yar Jahshi kuwa da hannunta take jima da ɗinkin fata, ta samu ta yi sadaka. Ku kuma iyayenmu maza da ke saurare, don mun san kuna ji, ku taimaka. Abin da ta samu nata ne a shari'a, amma kowa ya san a cikin gidan zai ƙare, a cefane da sabulu da littafin yara.

Abu na biyu, ki san kuɗin aikinki. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mu ƙaddara, misali kawai, kin sayi yadi da zare na Naira 4,000, kin biya mai zane da mai wanki Naira 1,500, kin sa kati da data na Naira 500. Kin ga Naira 6,000 ta fita tun ba a zo kan wahalarki ba. In kin ɗauki kwana 20 kina ɗinki, sannan kika sayar Naira 8,000, to ladanki na kowace rana Naira 100 ke nan. Ki tambayi kanki, Naira 100 me za ta saya miki a yau? Saboda haka ki yanka wa wuninki kuɗi, ki tara da abin da kika kashe, sannan ki ɗora riba. Ki aiki maigida ko yaro ranar Litinin ya zaga kasuwar Shuwarin, ko ya leƙa shagunan Dutse, ya jiyo miki nawa ake sayar da irin aikinki. Kada tsoron rasa mai saye ya sa ki karya farashi. Wadda ta saba wa mutane da araha, ranar da ta nemi ƙari za a ce ta yi tsada, kuma ta jawo wa maƙwabtanta masu irin sana'ar faɗuwa.

Abu na uku, hoto. Mai saye ba zai taɓa kayan da hannu ba, idonsa ne kawai zai yi masa ciniki. Ki goge gilashin kyamarar da gefen zani. Ki fito tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar, ki nemi inuwa mai haske, ki shimfiɗa farin ƙyalle ko sabuwar tabarma, ki ɗora kayan shi kaɗai. Kada bokiti ko takalmin yara su shigo ciki. Ki ɗauka ta gaba, ta gefe, ta sama, sannan ki matso kusa yadda za a ga ƙanƙantar ɗinkin. In hula ce ki juya cikinta, domin masana hula ta ciki suke gane hannun gwani. Ki auna ta da tef ki faɗi lambarta, 22 ce ko 22 da rabi ko 23, ki faɗi tsayinta. In faifai ne ko ƙwarya, ki faɗi faɗinsu. Kuma don Allah kada a ƙara wa hoto launin da kayan ba su da shi. In akwai aibi ki faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda aka yaudara sau ɗaya ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa goma.

Daga nan sai ki ɗora a sitatus ɗinki na WhatsApp, wanda yake yin awa 24 kafin ya sauka. Ki fara da na kusa: dangi, 'yan uwan maigida da ke aiki a birni, ƙungiyar Islamiyya, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti. Ki roƙe su su tura wa nasu. Ki lura da lokaci, hula tana tafiya gab da Sallah, faifai da ƙwarya da zanin gado kuwa lokacin bukukuwa bayan kaka. Wadda ta fara ɗinkin hular Sallah a tsakiyar azumi ta makara.

Abu na huɗu, ki sa wa aikinki alama. Ku ɗauko takardar Naira 20 ku duba bayanta, za ku ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙauyen Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. An nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Tana buga haruffan sunanta a jikin tukwanenta, shi ya sa har gobe in an ga aikinta ake shaida shi. Ke ma ki zaɓi 'yar alama, ko wani ɗan zane a cikin hula, ko wani launi a bakin faifai, ki kuma raɗa wa sana'arki suna ki riƙa rubuta shi a jikin hoto. Akwai masu kwashe hoton aikin wasu su ce nasu ne. Alamarki ita ce shaidarki.

Abu na biyar, kuma a nan nake so ku buɗe kunne da kyau, shi ne karɓar kuɗi. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Ki buɗe asusu da sunanki, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, za a nemi lambarki ta BVN ko ta NIN. Mun ga darasi a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta yi wuya, masu asusu suka ci gaba da ciniki, marasa shi suka zauna da kayansu. Amma fa inda kuɗi yake, nan ɓarayi suke. Akwai masu turo saƙon ƙarya ko hoton rasit na bogi, su ce sun biya, su dame ki da kira a kan ki yi sauri direba zai tashi. Kada ki saki kaya sai kin duba asusunki da kanki kin ga kuɗin sun zauna. Duk mai gaggauta ki, ki yi hattara da shi. Akwai kuma masu bugowa su ce daga banki ne, ko su ce an zaɓe ki za a ba ki tallafi, ki karanto lambar sirrinki ko lambar da aka turo miki yanzu. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Ki kashe wayarki kawai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

In aikin saƙo ne, wato mutum ya ce a yi masa iri kaza, ki karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kayan aiki, ku yi magana a fili kan launi da girma da ranar gamawa, kuma ki adana saƙonnin. Ke ma ki cika alkawari. In kin san kwana 30 zai ɗauke ki, kada ki ce 15 don ki burge.

Sai aikawa. A nan Allah Ya hutar da mu, tun da muna bakin babbar hanya. A naɗe kayan a leda mai kauri, a rubuta suna da lambar mai karɓa, maigida ko yaro babba ya kai tasha ya ba direban da aka sani. A karɓi lambar direba da ta mota a tura wa mai kaya. Tun wajen ciniki a yanke wa zai biya kuɗin mota, kada a bari sai kaya sun isa a fara ja-in-ja. Ƙwarya kuma a cusa mata tsumma ko takarda ciki da waje, don ba ta jure matsi.

Na ƙarshe shi ne tsare sirri, wanda ya fi duk kuɗin da za a samu. Hoton kaya za ki sa, ban da fuskarki, ban da ta 'ya'yanki mata, ban da cikin ɗakinki. Kada ki ba baƙo kwatancen gida, a haɗu da wakilinki a tasha ko a shago. Masu zanen lalle, kada ki ɗora hoton hannu ko ƙafar amarya sai da izininta. Wanda ya bar zancen ciniki ya shiga wani zance, ki toshe lambarsa, ki sanar da maigida. Sannan a kula, wayar nan tana da cin lokaci. Ki ware mata sa'a guda da rana da guda da dare, kada tuwo ya ƙone, kada allurar ma ta yi tsatsa saboda kallon sitatus ɗin mutane.

'Yan uwana, ban ce gobe da safe za a yi layi a wayarki ba. Wata sai ta yi wata biyu tana ɗora hoto kafin ta sayar da abu guda. Kada ki yanke hulɗa da dillalinki tun yanzu, ki ci gaba da karɓar aikinsa, amma ki riƙa tara ɗan abin da za ki sayi yadi da zarenki, ki ɗinka guda ɗaya taki ta kanki. Ita za ki fara gwadawa da ita. In ta tafi ki juya kuɗin ki yi biyu. Ranar da cinikin waya ya kai abin da tiren talla ke kawowa, to ki sauke wa yarinyar nan tire, ki miƙa mata jakar makaranta.

Aikin da zan bar ku da shi a wannan mako shi ne lissafi. Kowacce ta ɗauki abu guda da ta gama, ta zauna ta ƙirga abin da ta kashe da kwanakin da ta yi, ta ga nawa wuninta ya tashi. Wadda ta samu amsa ta aiko mana, za mu karanta ba tare da ambaton suna ba.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga macuta, Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.