Farfesa Ishaya Audu da Buɗe Ƙofar Jami'a ga Ɗan Talaka



An nemi in yi magana a kan adalci wajen shiga jami'a. Na ga ya fi dacewa in ɗauki rayuwar malami guda mu duba ta, domin adalci a bakin mai lacca abu ne mai sauƙi, sai an ga wanda ya aikata shi ake sanin nauyinsa. Malamin nan shi ne Farfesa Ishaya Audu, ɗan Anchau, wanda aka haifa a 1927, ya rasu a 2005.

Likitan yara ne. Ya fara karatu a Wusasa, ya wuce Ibadan, ya ƙarasa a Ingila, ya koyar a Jami'ar Legas. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gaji Norman Alexander, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera. Bai kai shekara arba'in ba a lokacin. Ya riƙe ta har 1975, cikin juyin mulki da yaƙin basasa.

Me ya tarar? Ranar 4 ga Oktoba, 1962, da aka buɗe jami'ar, ɗalibanta 426 ne, kuma 147 kaɗai ne 'yan Arewa. Jami'a ce da aka gina domin Arewa, a tsakiyar Arewa, amma 'ya'yan yankin ba su kai rabin ɗalibanta ba. Dalilin a fili yake. Tsarin da muka gada daga Ingila ya ce sai yaro ya gama sakandare, ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci babbar jarrabawa, sannan ya shiga jami'a ya yi shekara uku. Makarantun Arewa masu aji shida kuwa 'yan kaɗan ne, masu ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya sun fi ƙaranci. Yaron da Allah ya ba ƙwaƙwalwa a Gumel ko Biu ko Yawuri yana iya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya tsaya nan, don hanyar ta ƙare a gabansa.

Hanyoyi biyu masu sauƙi suna gaban shugaban jami'a a irin wannan hali. Ko dai ya naɗe hannu ya ce gyaran sakandare aikin gwamnati ne, jami'a za ta jira. Ko kuma ya sassauta sharuɗɗa, ya kwashi yara ba shiri, su shiga su faɗi, ko a ba su takardar da ba ta da daraja. Ishaya Audu bai bi ko ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1960 jami'ar ta buɗe makarantar share fage a cikin harabarta, wadda kowa ya sani da SBS. Ta ɗauko yara daga sakandare kai tsaye, ta koya musu abin da makarantunsu suka kasa koya musu, a ɗakunan gwaje-gwajenta da ɗakin karatunta, sannan ta gwada su. Wanda ya ci ya wuce. Katangar ba a rage mata tsawo ba, tsani aka kafa mata.

An yi suka. Wasu sun ce wannan zubar da darajar jami'a ne, malamin jami'a bai kamata ya yi aikin malamin sakandare ba. Sakamakon ne ya ba su amsa. Da jami'ar ta cika shekara goma, ɗalibanta sun haura 7,000 idan aka haɗa da masu share fage da masu difloma. Daga cikin waɗanda suka bi ta wannan hanya aka sami likitoci da injiniyoyi da alƙalai da malaman da suka riƙe sababbin jihohi da sababbin jami'o'i. Jihohi suka kafa nasu makarantun share fage, kuma jarrabawar IJMB da Zariya ke kula da ita har gobe tana shigar da yara jami'a.

Akwai wani abu da bai kamata ya wuce mu ba. Ishaya Audu Bahaushe ne Kirista, ya shugabanci jami'ar da ke tsakiyar al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne, kuma Sardauna ya amince masa har ya zama likitansa. Ƙofar da ya buɗe ba ta tambayi yaro addininsa ko yarensa ba. Ɗan Katsina da ɗan Gboko da ɗan Ilorin aji ɗaya suka zauna.

To, yau ina muke? Tun 1978 muna da hukumar JAMB, kuma kowace shekara yara fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawarta. Jami'o'in tarayya suna da ƙa'idar rabon gurabe: kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ina goyon bayan wannan ƙa'ida. Amma gurbi kujera ce kawai. Ba ya koya wa yaro lissafin da ba a koya masa ba, ba ya biya masa kuɗin rajista, ba ya lallashin uban da ke tsoron tura 'yarsa gari mai nisa. Sau da yawa ma gurbin da aka keɓe wa jihar da ke baya, ɗan mai hali da ya yi makarantar kuɗi a birni ne ke samunsa, ɗan manomi da ɗan makiyayi da makaho da kurma suna nan inda suke.

Saboda haka kirana ga 'yan uwana malamai ne kafin kowa. Muna auna kanmu da yawan maƙaloli da ƙarin girma, kuma hakan daidai ne. Mu ƙara ma'auni ɗaya: yara nawa ne suka shigo ta hannunka waɗanda da ba don kai ba da sun tsaya a waje? Kada mu bar ajin share fage ga ƙananan malamai, shehun malami ya shiga ya koyar. Kada mu mai da shi hanyar tara kuɗin shiga, har ya fi ƙarfin waɗanda aka kafa shi dominsu. Kowane sashe ya ɗauki sakandaren karkara ko da guda ce, ya riƙa tura mata malamai da littattafai. Ku kuma masu hannu da shuni da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ɗaukar nauyin yarinya ɗaya daga ƙauyenku har ta gama digiri bai fi ƙarfinku ba.

Ishaya Audu ya yi nasa a lokacin yaƙi, da ƙarancin malamai da ƙarancin kuɗi. Mu da muke da jami'a a kowace jiha ba mu da uzurin da ya fi nasa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.