Waƙar Lahira ta Dante da Amanar Ma'aikaci



Na san wasunku za su yi mamaki, ɗan Zamfara ya tsallake waƙoƙin wa'azi na gida ya ɗauko waƙar wani Kirista Ba'italiye wanda ya mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce. Dalilina shi ne, mutumin nan ma'aikacin hukuma ne, kamar yadda yawancinku za ku zama gobe, kuma ya rayu a ƙasar da 'yan gari ɗaya ke kashe juna.

Sunansa Dante Alighieri. An haife shi a birnin Fulorans a 1265. A 1300 ya zama ɗaya daga cikin mutum shida masu riƙe da mulkin birnin. Da abokan hamayya suka karɓe mulki, sai a 1302 suka tuhume shi da cin hanci, suka yanke cewa in ya sake taka garin a ƙone shi. Bai koma ba har ya mutu a Rabenna a 1321. A zaman gudun hijirar nan ne ya tsara waƙarsa, Commedia, mai babi 100 da layi 14,233, inda ya ƙaga tafiya cikin Wuta, da Dutsen Tsarkakewa na aƙidar Katolika, da Aljanna. Ya bar Latinancin malamai ya rubuta da harshen mutanen garinsu, kamar yadda Nana Asma'u ta mai da Tabban Haƙiƙa ta Shehu Usmanu daga Fulatanci zuwa Hausa don talaka ya ji.

Wajibi ne in faɗa muku cewa a babi na 28 na kashin Wuta ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mummunan rashin ladabi. Wannan mun ƙi shi, kuma ba aƙida muka zo koya wurinsa ba. Abin da muka zo dubawa shi ne ma'aunin da ya auna laifuffuka da shi.

Dante ya kasa Wuta hawa tara, kowane hawa ya fi na samansa tsanani. Masu zubar da jini ya sa su a hawa na bakwai, cikin kogin jini mai tafasa. Mai sauraro zai zaci nan ne ƙarshe, to amma akwai hawa biyu a ƙasa. A na takwas ya zuba mayaudara. Cikinsu akwai ma'aikatan da suka sayar da aikin hukuma, an dulmuya su cikin kwalta mai tafasa, tunda a duhu suka yi cinikinsu, kuma duk abin da suka taɓa ya manne musu a hannu. Kusa da su munafukai ne, suna jan ƙafa cikin alkyabbar darma wadda aka shafe bayanta da zinariya. A can ƙurya, hawa na tara, babu harshen wuta ko ɗaya. Ƙanƙara ce, maciya amana suna daskare a ciki: wanda ya ci amanar dangi, da na gari, da na baƙo, da na ubangida.

Hujjarsa ita ce, kura ma tana kisa, amma yaudara sai mai hankali. Mayaudari ya ɗauki kyautar da Allah ya fifita ɗan Adam da ita ya mai da ita makami, maci amana kuwa ya tsinke igiyar da ta ɗaure mutum da maƙwabcinsa.

To, mu dawo gida. Kowa a nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu. Kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har kasuwar Shinkafi wadda fatake ke zuwa ci daga Jamhuriyar Nijar. Amma wa ke nuna wa ɗan bindiga gidan da aka sayar da sa jiya? Wa ke kai masa mai da labarin hanya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akawun da ya rage buhu goma daga hatsin 'yan gudun hijira, da jami'in da ya sa hannu cewa an gina aji alhali fili ne, ba su riƙe bindiga ba, amma a ma'aunin Dante suna ƙasa da mai riƙe da ita. Shehu Usmanu ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓar gaisuwa cikin halayen mulkin zalunci.

Akwai wasu mutane kuma da ya ajiye a bakin ƙofar Wuta, waɗanda ba su tsaya wa gaskiya ba, ba su tsaya wa ƙarya ba. Suna bin wata tuta a guje har abada, zanzaro na harbinsu. Waɗannan su suka fi ba ni tsoro, domin mu 'yan boko mun gwanance da cewa ba ruwana.

Duk da haka waƙar ba a Wuta ta ƙare ba. A kan Dutsen Tsarkakewa akwai masu manyan zunubai waɗanda suka tuba kafin rai ya fita, suna hawa sannu a hankali. Bambancinsu da na cikin rami shi ne sun amsa laifinsu. Wannan kuwa mun san shi tun a makarantar allo: ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai an mayar.

'Yan'uwa, ranar da aka fara miƙo muku takarda ku sa hannu a kan abin da kuka san ba a yi ba, ku tuna cewa akwai wani littafi da ake rubutawa wanda ba ya ɓata a ofis. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.