Tsakuwar Ƙoda: Hanyoyin Fitar da Ita da Jinyar da Ke Biyo Baya



An nemi in yi magana a kan tsakuwar ƙoda, yadda ake maganinta da yadda mai ita yake murmurewa. Maganar da na zo da ita guda ce, sauran duk bayaninta ne: a wannan cuta, zafin ciwo ba ya nuna girman haɗari. Tsakuwar da ke sa ƙato birgima a ƙasa yana salati sau da yawa 'yar mitsitsiya ce, kuma da kanta za ta fita. Wadda ke lalata ƙoda kuwa takan yi ɓarnarta shiru, mai ita yana kasuwa yana cewa ai ya warke.

Fitsari ruwa ne da ke ɗauke da gishiri iri-iri a narke. Wanda ya san yadda ake samun gishiri a Bilma ya san rabin wannan darasi: rana ta shanye ruwan rami, abin da ke narke a ciki ya daskare. In ruwan jiki ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri, haka nan ƙwayoyi ke haɗuwa a cikin ƙoda, yau kaɗan gobe kaɗan, har su zama tsakuwa. Mu kuwa a ƙasar zafi muke. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ma'aunin zafi kan wuce 40. Manomi da direban babbar mota da mai gasa burodi da maƙeri suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi, kaɗan ne ke isa ƙoda. Ga kuma iyayenmu mata da ke ƙin shan ruwa da gangan in za su yi doguwar tafiya ko za su wuni a wurin da babu makewayi mai kyau.

Tsakuwar ba iri ɗaya ba ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na sinadarin kalsiyam ne, galibi haɗe da wani da ake kira okzalet. Kimanin kashi 10 na yurik asid ne, sinadarin nan da ke jawo ciwon gaɓoɓi mai kumbura babban yatsan ƙafa. Akwai wadda ƙwayoyin cuta ke ginawa in ciwon mafitsara ya daɗe yana dawowa, ita ce kan yi rassa ta cika ƙoda. Akwai kuma ta gado, ba ta da yawa.

Muddin tsakuwa tana kwance a cikin ƙoda, tana iya shekaru ba a san da ita ba. Tashin hankali yana farawa ne ranar da ta faɗa bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Nan ne ciwo ke kama kwiɓi, ya gangaro mara, ya sauka har gaba, ga amai, ga jini a fitsari. A gida sai a ce sanyi ne. Wani ya ga jini ya ce tsargiya ce, kuma ba laifinsa ba ne, domin tsargiya tana nan a garuruwanmu na bakin ruwa. Hoto ne ke raba gardama. Sikanin na ciki yana nuna ko ƙoda ta kumbura, shi ake yi wa mai juna biyu da yara. Hoton CT ya fi shi gani nesa ba kusa ba, yana faɗin girman tsakuwar da daidai inda ta tsaya. Waɗannan biyun, girma da wuri, su ne ke zaɓa wa likita hanyar da zai bi.

In tsakuwar ba ta kai milimita 5 ba, wato ba ta fi ƙwayar dawa ba, mafi yawanta tana fita da kanta. Tsakanin 5 da 10, kusan rabi ne ke fita. In ta haura 10, da wuya. Saboda haka magani na farko shi ne jira, amma jira a ƙarƙashin kulawa. Ana ba da maganin kashe zafi, kuma irin su diklofenak sun fi dacewa da wannan ciwo. Sai dai ina roƙo, kada wannan magana ta zama lasisin zuwa kemis. Maganin nan yana iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana, yana tayar da gyambon ciki, ba a kuma ba mai ciki shi haka kawai. Akan ƙara da tamsulosin, wanda ke sassauta ƙarshen bututun, ya fi amfani ga tsakuwar da ta haura milimita 5 kuma ta gangaro kusa da mafitsara. Dangin mara lafiya kan matsa a yi ta ƙarin ruwa leda bayan leda wai don a turo tsakuwar. Ƙarin ruwa yana da amfani ga wanda amai ya ƙarar, amma ba ya tura tsakuwa. A lokacin jiran nan, a riƙa yin fitsari a mazubi ana tacewa da ƙyalle mai tsabta. In ta fito, kada a jefar, a kai ta asibiti a gwada a san irinta.

Jiran yana da iyaka, mako 4 zuwa 6. Ga dalili. In tsakuwa ta toshe bututu ta zauna, ƙoda takan rage tace fitsari, matsin da ke jawo ciwon ya sauka, ciwo ya lafa. Ɗaya ƙodar ta ɗauki aikin biyu, fitsari yana fita yadda aka saba. Mun sha ganin magidanci ya zo asibiti a kan wata matsala daban, a ɗora masa na'urar sikanin a kwiɓi, sai ga ƙoda ta zama jakar ruwa, naman da ke tace jini ya sirance ya koma ɗan siririn bango. A tambaye shi, ya yi shiru, can ya ce, "Likita, shekarun baya na yi wani ciwon kwiɓi mai tsanani, na sha jiƙo ya tafi." Ciwon ne ya tafi, tsakuwar tana nan inda take. Wannan ƙodar ba ta dawowa. Don haka wanda bai ga tsakuwarsa da idonsa ta fito ba, ya koma a sake hoto ko da yana jin garau.

Akwai kuma yanayin da ba a jira ko na kwana ɗaya. Ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar sanyi yana nufin fitsarin da ya taru a bayan tsakuwar ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma suna iya shiga jini su kashe mutum cikin ɗan lokaci. Allura da ƙwayoyi kaɗai ba su isa ba, sai an buɗe wa ƙodar hanya, ko da siririyar roba ta ciki ko da bututu ta baya, a bar maganar tsakuwar sai an samu sauƙi. Haka wanda fitsarinsa ya ɗauke gaba ɗaya, da mai ƙoda ɗaya, da mai juna biyu, da wanda amai ya hana shi riƙe ko kurɓin ruwa.

Tambayar da ba ta taɓa ƙarewa ita ce ko akwai abin sha da ke narkar da tsakuwa. Akwai, ga iri ɗaya. Ta yurik asid tana narkewa in aka rage tsamin fitsari da magani irin su fotasiyam sitiret, cikin makonni ko watanni, ana yi ana gwaji. Ta kalsiyam, wadda ita ce mafi yawa, babu ruwan da ke narkar da ita. Mai tallar magani da lasifika a tasha yana cin ribar lissafin da na kawo ɗazu ne. Ƙananan tsakuwoyi dama fita za su yi, in sun fita a ce maganinsa ne, waɗanda ba su fita ba kuwa ba wurinsa suke komawa ba.

In jira bai yi ba, sai aiki. Aikin tsakuwa tsohon abu ne. Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif wani siririn ƙarfe da ake huda tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari da shi. Amma har tsakiyar ƙarni na 20, wanda tsakuwarsa ke cikin ƙoda sai an tsaga kwiɓinsa. Cikin 'yan shekaru abubuwa suka sauya. A 1976, likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka ciro tsakuwa ta wata 'yar ƙofa da suka huda a baya. A Fabrairun 1980, a birnin Munik na Jamus, Christian Chaussy da abokan aikinsa suka farfasa tsakuwa a jikin mutum ba tare da yanka ba, da na'urar da kamfanin Dornier ya ƙera, kamfanin da aka san shi da ƙera jiragen sama.

Wannan na'urar ita ce hanya ta farko, tana aika bugu mai ƙarfi daga wajen jiki, a auna shi daidai kan tsakuwar, sau dubu biyu zuwa uku cikin kamar awa ɗaya, har ta ruguje ta zama yashi. Mutane suna sonta don ba yanka, kuma a ranar ake komawa gida. Amma tana da sharuɗɗa. Ta fi dacewa da tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba. Mai tauri ƙwarai takan gagare ta, mai ƙiba sosai bugun ba ya isa da kyau, ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini. Sau da yawa sai an maimaita. Kuma na'urar farfasawa kawai take yi, fitar da ɓaraguzan aikin mara lafiya ne na makonni, wani lokaci ma sukan yi jerin gwano su toshe bututun.

Hanya ta biyu, a zura siririn madubi ta mafitar fitsari bayan an sa mutum barci, a bi ta mafitsara a hau bututun har a ga tsakuwar ido da ido, a niƙe ta da hasken leza, a kwashe gutsattsarin. A ganina, ga tsakuwar da ta tsaya a bututu, wannan ta fi yanke magana a zama ɗaya. Ta uku ita ce ta hudar baya, ga babbar tsakuwa da ta haura santimita 2 ko mai rassa. Tana share ƙoda fiye da sauran, haɗarinta na zubar jini ma ya fi nasu. Tsagawa irin ta da kuwa har gobe ana yinta a asibitocinmu da dama, domin na'urorin nan tsada gare su kuma a manyan birane suke. Kada wanda aka ce za a tsaga shi ya ɗauka an cuce shi. A hannun gwani aiki ne mai kyau, jinyarsa ce kawai ta fi tsawo: kamar mako guda a gadon asibiti, mako 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi. Mai hudar baya kwana biyu ko uku yake yi a kwance, mai madubi kuwa cikin 'yan kwanaki ya koma harkarsa.

Yanzu zan ɗan daɗe a kan siririyar robar da na ambata ɗazu. Bayan yawancin ayyukan, likita kan bar siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu, kai ɗaya a ƙoda, ɗaya a mafitsara, don kada kumburi ya toshe hanya. Tana damun mutane: yawan jin fitsari, ɗan jini in an yi zirga-zirga, sukar kwiɓi lokacin fitsari. Duk wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a manta da ita. Ba a ganinta daga waje, mai ita ya koma ƙauye, jiki ya saba, kuɗin mota ya yi wuya, ko kuma tun farko ba a yi masa bayani da harshen da yake ji ba, wanda wannan laifinmu ne mu ma'aikata. Wata da watanni gishiri yana taruwa a jikinta har ta zama tsakuwa daga sama har ƙasa, cirewar da ba ta wuce 'yan mintuna ba ta koma babban aiki. Duk wanda aka yi wa aikin tsakuwa, kafin ya bar asibiti ya tambaya: an bar mini roba? Yaushe za a cire? A rubuta masa ranar a kati, wani nasa ma ya sani.

Saura hana ta dawowa, domin kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yi cikin shekara goma. A 1996, Loris Borghi da abokan aikinsa a Parma ta Italiya suka wallafa binciken da suka bi masu tsakuwa shekara 5. Cikin waɗanda aka sa su yawaita shan ruwa, kashi 12 cikin 100 ne ta dawo musu, cikin sauran kuwa kashi 27. Abin da ake nema shi ne mutum ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a yini. A zafinmu, wannan yana bukatar shan lita 3 ko fiye, wato ledar fiya wata 6 zuwa sama, mai aikin rana kuwa ya ƙara. In fitsari ya fito fari-fari, an isa. In ya yi ja, da saura. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko gazawar ƙoda, wannan magana ba tasa ba ce.

A rage gishiri, har da na cikin dunƙulen miya, domin gishiri yana jawo kalsiyam cikin fitsari. A sassauta wa nama, musamman kayan ciki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne, da an ji tsakuwar ta kalsiyam ce sai a daina shan nono. Binciken da Borghi ya sake fitarwa a 2002 ya nuna akasin haka: masu cin kalsiyam daidai gwargwado tare da rage gishiri da nama sun fi waɗanda suka ƙaurace masa samun sauƙi. Kalsiyam na abinci yana kama okzalet tun a hanji, su fita tare ta bayan gida, bai kai ga ƙoda ba. Don haka a sha kindirmo, a dai rage alayyahu da gyaɗa da shayi mai kauri in gwaji ya nuna tsakuwar ta okzalet ce. Matsa lemun tsami a ruwan sha yana taimakawa.

Kan azumi, na san za a tambaya. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ta fita, ƙodarsa lafiya, yawanci yana iya azuminsa, sai dai ya rarraba shan ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon ya ɗura shi lokaci ɗaya, ya kuma guji rana gwargwadon hali. Wanda tsakuwa ke tsaye a bututunsa yanzu, ko bai daɗe da yin aiki ba, ko ƙoda ɗaya gare shi, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, hukuncin kuma ga malamai nan a zaune, sun fi ni sani.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.