Awo Kafin Inji: Sassaƙar Ƙarfe da Kwamfuta a Ƙasar Maraɗi

 

Malamai, shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a, iyayenmu maƙera, ƴan'uwa ɗalibai, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan injinan sassaƙar ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, waɗanda ake kira CNC a taƙaice. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, ina ruwanmu da injin da ake ƙera kayan jirgin sama da shi? Akwai ruwanmu ƙwarai, kuma daga injin niƙa zan faro.

Duk wanda ke maƙwabtaka da mai injin niƙa a Cadawa ko Tibiri ya san halin da ake shiga ranar da sandar inji ta cinye. Akwai wani boris da ake yawan sawa a ƙananan injuna, mai lamba 6205, wanda faɗin raminsa milimita 25 ne. Kafin ya zauna daram, sai kaurin sandar ya kai 25 ɗin cif, ya ɗara da abin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita ba. Silin gashin kan mutum ya kai wajen kashi 7 cikin 100, to ku auna da kanku. In mai sassaƙa ya zarce ya mayar da sandar 24.9, ido ba zai ga bambanci ba, amma boris zai yi ta lilo. Sai mai gyara ya ɗauki ƙusa da guduma ya bubbuga jikin sandar har ta yi ƙuraje, ko ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗa mata. Inji ya tashi, a yi murna. Ba a daɗe ba sai ya fara kuka, ya ɗau zafi, boris ya tarwatse. Mata na tsaye da ƙwaryar gero, mai inji ya rufe shago ya hau mota zuwa Maraɗi. In ba a dace ba sai Katsina ta Jibiya, ko kuwa Ƙofar Ruwa a Kano.

Ba na ganin laifin mai gyaran nan. Hannunsa na da kyau, dabararsa ta kai. Abin da ya rasa shi ne ma'aunin da zai nuna masa wannan ɗan siririn bambanci, da injin da zai tsaya a kansa ba tare da ya zarce ba.

Turawa ma sun daɗe cikin irin wannan hali. Wajen shekarar 1800 ne Henry Maudslay a Ingila ya gyara injin sassaƙa ta yadda zai yanka zaren noti iri ɗaya sau da yawa. A 1841 Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a shagonsa, ya fito da ƙa'idar zare guda, domin notin da aka yi a wani gari ya shiga ƙusar da aka yi a wani garin. A Faransa kuma, a 1804, Jacquard na birnin Liyon ya sa katuna masu huji suna faɗa wa injin saƙa irin zanen da zai fitar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Ba'amurke, John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya yi amfani da irin waɗannan katuna wajen lissafa wuraren da za a yanka. Rundunar sojan sama ta Amurka ta zuba kuɗi, jami'ar MIT ta karɓi aikin, a 1952 aka nuna injin farko da ke bin lambobi daga wani dogon tef mai huji. Da kwamfuta ta ƙanƙance sai ta maye gurbin tef ɗin, kamfanoni irin su FANUC na Japan da Siemens na Jamus suka cika masana'antun duniya da ƙwaƙwalen injuna. Ku lura da jerin: sai da aka yi fiye da shekara 100 ana daidaita awo kafin a ɗora wa inji kwamfuta.

To yaya abin yake aiki? A tsohon inji, wanda masu sana'armu ke kira tur, ƙarfe na juyawa, mai aiki na murɗa hannuwa biyu yana tura wuƙa, ɗaya ta tsawo, ɗaya ta kauri. A sabon inji an cire hannuwan an sa ƙananan motoci na lantarki. A ɗauki mai sauƙin ciki, wadda ke cika zagaye ɗaya a taku 200. In an haɗa ta da sandar zare mai tura wuƙa milimita 5 a kowane zagaye, kowane taku ya zama milimita 0.025 ke nan. Kwamfuta ƙirga taku kawai take yi. Manyan injuna kuma suna da na'urar da ke komo wa kwamfuta da labarin inda wuƙa ta kai, ta gyara in an kauce.

Umarnin kansa ba wani sihiri ba ne. Ga layi ɗaya: G01 X25 Z-40 F0.2. Ma'anarsa: tafi a miƙe, ka kai kauri 25, ka shiga tsawon 40, kana ci 0.2 a kowane juyi. M03 na nufin kunna juyi, M30 na nufin aiki ya ƙare. Yaron da ya iya lissafin ajin farko na sakandare zai iya karanta wannan. Kuma in an rubuta umarnin daidai, sanda ta farko da ta ɗari za su fito awo ɗaya. Amfanin injin ke nan a wurinmu. Saurinsa bai dame ni ba kamar wannan maimaitawar, domin ita ce za ta sa mai injin niƙa a Gangara ya aiko da lambar abin da ya lalace kawai, a aika masa da sabo, ya ɗaura ba tare da ya taɓa magagari ba.

Amma akwai abin da kwamfuta ba ta sani ba. Ba ta san cewa wannan ƙarfen tsohon gatarin mota ne mai taurin tsiya, wancan kuma rodin gini ne mai laushi ba. Ba ta jin sautin wuƙar da ta dakushe. Ba ta duba launin ɓarɓashin da ke fita ta gane zafi ya yi yawa. Wannan ilimin yana wurin mutanen da suka tashi a gaban uwar maƙera da zugazugi, waɗanda ke gane ƙarfe daga tartsatsinsa. Wani masanin tarihi a Amurka, David Noble, ya rubuta a 1984 cewa masu masana'antu a can sun zaɓi tsarin lambobi ne har da niyyar ƙwace ragamar aiki daga hannun ƙwararrun ma'aikata su mayar da ita ofis. Akwai wata hanya da aka gwada a lokacin, inda gwani ke sassaƙa abu na farko da hannunsa, inji ya naɗi motsinsa ya riƙa maimaitawa, amma aka yi watsi da ita. Wannan gargaɗi ne a gare mu. In muka sayo inji muka kulle shi a ɗaki, mai takardar shaida kaɗai ke taɓawa, ɗan maƙeri na leƙe ta taga, mun yi asara biyu: mai takarda zai yi ta karya wuƙaƙe, maƙeri kuma zai ci gaba da naɗa gwangwani.

Sai maganar wuta, wadda ba ta buƙatar dogon bayani a wannan zaure. Layin da ke kawo lantarki daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin a raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram. Kowa ya tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023, bai dawo ba sai Maris na 2024. Injin da ke tsakiyar yanka, in wuta ta ɗauke, aikin ya lalace, wani lokaci har da allon ƙwaƙwalwarsa. Ga ƙurar hunturu mai shiga zare ta cinye shi, ga zafin bazara mai buɗa ƙarfe har awo ya canza. Duk wanda ya kawo mana tsarin sayen inji ba tare da hasken rana da batura da ɗaki mai rufi ba, a mayar masa da takardarsa ya sake lissafi.

Aikin da za a ba injin kuwa, ba a rasa shi ba. Yankinmu ne kan gaba wajen noman aya a Nijar, ga gyaɗa, ga wake, ga riɗi. Injin ɓarar gyaɗa, injin matsar mai da mata masu ƙuli-ƙuli ke dogaro da shi, injin ban ruwa a fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, famfon burtsatse, gatarin amalanke, duka suna da sanduna da zobba da haƙora da ke cinyewa. Ƙasarmu ta taɓa kafa wuraren ƙera kayan noma, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Dosso, don haka tunanin ba baƙo ba ne. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, in ya iso zai kawo kayan waje da araha fiye da yau. Wanda bai iya ƙera abu daidai da awo ba, wannan jirgin zai ture shi daga kasuwa. Wanda ya iya, jirgin ne zai kai kayansa Kano.

Ra'ayina shi ne kada mu fara da sayen babban inji. Mu fara da ma'auni. Kowace cibiyar koyon sana'a a yankinmu ta mallaki ma'aunin kauri mai nuna kashi 1 cikin 100, kuma kowane ɗalibi ya riƙe shi da hannunsa har ya saba, ba a nuna masa daga nesa a mayar cikin akwati ba. A koya musu karanta zanen aiki da zana shi. Bayan haka sai a ɗauko tsofaffin tur da ke kwance a garejoji a ɗaura musu motocin taku. Akwai manhajoji na kyauta, LinuxCNC da GRBL, da kowa ke iya saukewa daga intanet, kuma wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da na makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Injin da ɗalibi ya haɗa da hannunsa, in ya lalace ya san inda zai duba. Sai an yi wannan ne za a yi maganar inji guda mai kyau, na haɗin gwiwa, a kan babbar hanya, inda mai sana'a daga Cadakori ko Gazawa zai zo da zanensa ya biya kuɗin awa.

Ina roƙon shugabannin maƙera da masu walda da ke nan, kafin mu sake haɗuwa kowace ƙungiya ta rubuto mana kayan gyara guda 10 da suka fi kai mutanenta Maraɗi da Kano, ta haɗo da samfurin kowanne ko da ya karye. Malamai kuma ku ware ɗaliban da za su auna su, su zana su, tare da maƙeran da suka kawo su a zaune a wurin.