Gertrude Ederle, Gwanar Iyo ta Amurka

Tsakanin Ingila da Faransa akwai wani mashigin teku wanda faɗinsa mil 21 ne a inda ya fi ƙunci. Ruwansa da sanyi ƙwarai, igiyarsa kuwa takan juya wajen kowace awa shida. Tun daga 1875, sa'ad da Matthew Webb ya fara ƙetare shi da iyo, har zuwa 1925, maza biyar kaɗai suka iya. Mutane da yawa sun ɗauka mace ba za ta taɓa iyawa ba.

An haifi Gertrude Ederle a birnin New York cikin 1905. Ubanta mahauci ne, mutumin Jamus. Tana ƙarama ƙyanda ta kama ta, ta taɓa mata kunne, har likitoci suka yi gargaɗi cewa yawan shiga ruwa zai ƙara mata lahani. Duk da haka ba ta rabu da ruwa ba. A wasannin Olamfik na birnin Paris, cikin 1924, ta samo lambar zinariya ɗaya tare da abokan iyonta, da na tagulla biyu ita kaɗai.

Cikin 1925 ta gwada mashigin nan, ba ta kai ba. Mai horar da ita ya ga kamar ta galabaita, ya sa aka kama ta. Ga dokar wannan iyo kuwa, da zarar hannu ya taɓa mai iyo, to, tafiya ta ɓaci. Ita ta ce hutawa take yi kawai. Sai ta sake malami, ta ɗauki Thomas Burgess, wanda shi kansa ya ƙetare cikin 1911 bayan ya sha faɗuwa sau da yawa.

Ran 6 ga watan Agusta, 1926, da sassafe, ta shiga ruwa daga gaɓar Faransa. An shafe mata jiki da maiƙo domin sanyi, ta sa tabarau irin na masu babur, an liƙe gefensa da kaki don kada gishiri ya ci mata ido. Maza na farko yawanci iyon ƙirji suka yi a hankali, ita kuwa ta yi mai sauri, wanda ake wurga hannu ɗaya bayan ɗaya. Da yamma iska ta taso, raƙuman ruwa suka yi tsawo, har daga cikin jirgin rakiya aka yi mata kira ta fito. Ta ɗaga kai ta tambaya, don me? Igiya ta karkatar da ita har ta yi wajen mil 35 kafin ta taka ƙasar Ingila da dare, bayan awa 14 da rabi da 'yan mintoci. Watau ta rage wajen awa biyu daga lokacin namijin da ya fi kowa sauri.

New York ta yi mata tarba irin ta sarakuna. Amma abin da likitoci suka faɗa ya tabbata: jinta ya yi ta raguwa, har kafin ta cika shekara arba'in ta kusa kurumcewa sarai. Cikin 1933 kuma ta faɗi daga matakala, ta ji ciwo a baya, ta daɗe tana jinya. Daga baya ta shafe shekaru tana koya wa yara kurame iyo a New York. Ta rasu cikin 2003, tana da shekara 98.